Wanzamin da Ya Ƙi Yi Mini Ƙaho

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, Allah shi ƙara lafiya. Don Allah ɗaga murya ka karanta wannan, har yanzu murna ba ta sake ni ba!

Shekara biyu ke nan ƙafata ta kumbura bayan doguwar tafiya a motar albasa. Likitoci suka ce jini ne ya daskare. Suka bi ta wuyana suka sa mini 'yar rariyar ƙarfe a babbar jijiyar cikina, don ta tare gudan jinin kada ya kai huhu. Suka ce in dawo bayan wata uku a ɗauki hoto. Da na ji sauƙi, ga aikin fadama, sai na share zancen.

Bana ciwon baya ya matsa mini, na tafi wurin Baba Ɗanjuma wanzami a Bodinga. Har ya wasa aska sai ya ga tabon aikin a wuyana. Da na ba shi labari, ya mayar da kayansa zabira, ya ce, "Ɗana, ba ni tsaga jikin da ke da ƙarfe ciki. Tahi asibiti." Na fusata, har na ce masa tsufa ne.

Ashe gaskiyarsa! Da na je asibiti daga baya, hoto ya nuna rariyar ta karkace, tsininta ɗaya ya soma huda jijiyar. Shekaranjiya aka ciro ta lafiya, ga ta nan gabana cikin kwalba!

Baba Ɗanjuma, ka yafe mini. Kai kuma mai irin wannan ƙarfe, je ka a ɗauki hoton. Ba kowane wanzami ne zai mayar da askarsa ba.

Naku, Umaru mai albasa, Danchadi.