Sule Biyu Duk Juma'a

Salamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu. Ni ne Habu tela, daga Fagge.

Bara waccan na karɓi yadin fam uku bashi wajen Iya Sikira, mai rumfa a kasuwar Sabon Gari. Na ɗinka, na sayar, kuɗin kuwa suka tafi a ragon sunan ɗana. Wata shida ina kauce wa layinta saboda kunya.

Ran nan muka yi kiciɓis. Ta ce, "Malam Habu, ɓuyar nan taka ta fi kuɗin yi mini ciwo. Riƙa kawo sule biyu duk Juma'a."

Makon jiya na kai na ƙarshe. Jama'a, duk mai bin ku bashi, ku je masa da ƙafarku.

A gaishe mini da Iya. Juma'a ina tafe, gaisuwa kawai.