Sunan Matarsa a Takardar Gida

A layin ofishin filaye na tsaya, bayan wata mata da wani tsoho mai rungume da fayil.

"Wai ƙungiyoyin ƙasashen waje ne suka matsa wa gwamnati," in ji tsohon, "aka yi dokar hana korar mace daga gida in mijinta ya rasu. Wa ya tambaye su? Mu ba mu san zumunci ba ne?"

"Kun sani mana, Baba," in ji matar. "Ƙannen mijina, don tsabar zumunci, har ƙofar ɗakina suka cire, kada ƙararta ta dame ni."

"Waɗannan ba 'yan gidan mutunci ba ne."

"Haka marigayi yake cewa kan dangin wasu. Kai me ya kawo ka?"

Tsohon ya gyara riƙon fayil. "Ɗan gyara ne. Zan sa sunan iyalina a takardar gida."

"Ashe dokar baƙi ta yi rana."

"Ba ruwana da dokarsu. Ƙanena ne ya zo duba ni da jiki jiya, na leƙo ta taga na gan shi yana auna tsakar gida da ƙafa."

Matar ta matsa gefe. "Shiga gabana, Baba. Ni nawa ya riga ya faru."