Shaidar Raƙuma a Ƙofar Motata

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Idi ne daga Tawa.

Na sayi mota kat-kat, irin mai ratsa rairayi, ta hannu wurin wani dillali. Ran kasuwar Takanamat, wani dattijo Buzu ya nuna mini wani zane da aka karta a cikin ƙofarta. Ya ce, "Ɗana, shaidar gidanmu ce, ita muke yi wa raƙumanmu. Ƙanena ya yi arewa da motar nan, har yau bai dawo ba."

Tun ranar na kasa zaune na kasa tsaye. Dillalin kuma ya kashe waya. Jama'a, jandarma zan fara zuwa ko gidan dattijon? In ya tambaye ni ƙanensa, me zan ce masa?