Kiwelu a Kowace Waya

A tashar motar Ubungo wani dattijo ya tanka wa wata budurwa mai jin waƙa a waya.

"'Yata, Kiwelun nan ne kuma? Kowace waya shi, kowace rediyo shi!"

"Baba, ai ya iya. Jiya ma an yi hira da shi a talabijin."

"Ya iya me? Ture-turen waya ne ya ɗaga shi. Da ya zo wurina, ko riƙon jita bai iya ba."

"Au, kai ka koya masa?"

Dattijon ya gyaɗa kai, ya rage murya. "A hirar, ya ambaci wani Ngonyani? Sunana ke nan."

"Gaskiya ban ji ba."

"'Yan jarida ke nan, yankewa suka yi. Turo min in duba da kaina."