'Yar Akuyar Baba Amable

Fada Séverin, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan lardin Cantal mazauna Paris, surukata Inna Léontine, Baffa Géraud da ka taso tun daga ƙauye, maigidana Firmin, masu gawayi da masu rawa na wannan layi, ina gaishe ku.

Inna ce ta ce in yi magana, wai ni ce mai karance-karance a gidan. A littattafan da nake karantawa, in an yi mutuwa sai mace ta faɗi sumammiya. Yau wata guda da binne surukina Baba Amable, ban suma ba, ban yi kuka ba. Ina tashi, in share shago, in ci abinci ban ji ɗanɗanonsa ba. Ku yi haƙuri da abin da zan iya.

Ya kasance mai hawa bene shida da buhun gawayi, shekara arba'in. Ya kasance mai tarbar duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasa da takalmin katako, ya ba shi miyar kabeji, ya nema masa aiki. Ya kasance mai busa mana muzet, abin busar nan da a ƙauye muke kira 'yar akuya, a wannan zaure duk Lahadi, jakar fatar akuya a hammata, zugazugi a gwiwar hannu, ƙananan ƙararrawa a idon sawu, mu kuwa muna takawa kamar ba mu taɓa barin gida ba.

Sai akodiyon ya shigo, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa. Mu ne muka so shi, kada mu yi ƙarya, har ɗansa Firmin shi ya koma kaɗawa. Zauren bai daina amsa sunan muzet ba, kiɗan akodiyon ma muzet aka ce masa. Da Firmin ya dawo daga yaƙi, ya rataye jakarsa ta soja, ya ce ita ma muzet sojoji ke kiranta.

Baba ya ce, "Kai, ɗan nan, har jakar burodinka? To ku riƙe sunan, ku bar mini 'yar akuyata."

Firmin ya ce, "Baba, akuyar nan taka ko mahauci ba zai karɓa ba."

Daga ranar ba su ƙara zancen kiɗa ba.

Bara kafaɗarsa ta dama ta mutu, ya kasa zuga. Wata safiya ya same ni a bayan shago da littafi, ya ce, "Ke 'yar boko, hannu ɗaya ya isa juya shafi, ara mini ɗayan." Tun daga nan kullum ina zuga masa, yana taɓa ramukan sarewarta da yatsunsa. Ya ce fatar in ba ta sha iska ba bushewa za ta yi ta tsage. Har yau da safe na zuga ta. Murya ɗaya tak take fitarwa, doguwa, don ban san inda ake sa yatsu ba.

Baffa, gobe jirginka zai tashi, ka ce za ka tafi da ita ka rataye a bangon gidan kakanni. Na san don girmamawa ne. Amma ba za ta wuce hunturu ɗaya a bango ba. Ina roƙonka ka bar ta.

Jiya ka nemi ƙananan ƙararrawar ƙafarsa ba ka gan su ba. Suna cikin jakar soja ta Firmin, shi ya ɓoye su ranar jana'iza. Maigida, ka yafe mini da na faɗa. Tun kana ɗan shekara bakwai Baba ya koya maka yatsun. Zugar kuma na iya.

Na ga Baffa ya ajiye 'yar akuyar a kan kujera. Na gode, Baffa. Na gode muku duka da kuka rufe shagunanku kuka zo.

Ubangiji ya ba Baba Amable hutawa, ya sauke masa nauyin da ya ɗauka, ya dafa wa Inna. Amin.

Firmin, ƙarfe bakwai muke farawa, kafin a buɗe shago.