Ranar da Sandar Tagulla Ta Dawo Tasha

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu dattawa maza da mata, shugabar makarantarmu da abokan aikina malamai, tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da ke sahun gaba, iyayenmu mata da suka yi shekaru suna wanke musu tufafin da hayaƙi ya rine, 'ya'yana ɗalibai da kuka cika dandamalin nan har kan matakala, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan safiya. Bayan haka ina gode wa kafintocin da suka gyara rufin tsohuwar tashar nan, da matan da suka kankare dattin shekara talatin daga tagoginta, da duk wanda ya kawo littafi ko benci, har ta zama ɗakin karatun da za a buɗe yau. Ni malamin tarihi ne, an ce in ba da tarihin layin dogon da ya haifi garin nan. Zan yi shi a kan abu uku, na ukun kuwa bai ƙare ba tukuna, a gabanku zai ƙare.

Na farko, yadda layin ya zo. 'Ya'yana, lokacin da aka haƙa rijiyoyin mai na farko a bayan tuddan can, fitar da man daga ƙasa bai kai fitar da shi daga yankin wuya ba. A ganguna ake ɗura shi, a ɗora a keken shanu, a yi kwana huɗu kafin a kai babban layi. Idan damina ta sauka, taya ta nutse, ganga ta fashe, man ya bi rafi, makiyayi ya rasa inda zai shayar. Sai wani ƙaramin kamfani ya shimfiɗa layi daga mahaɗar babban layi zuwa nan, wasu biyu suka ja nasu daga nan zuwa bakin rijiyoyi. Kakanninku ne suka sare dutse da diga, su ne suka ɗauki katakon layi a kafaɗa, su ne suka haƙa magudanar da har yau ruwan unguwarku ke bi. Jirgin ya fita da ɗanyen mai, ya dawo da gishiri da kwanon rufi da allurar asibiti, ya dawo da allon farko da aka rataya a makarantarmu.

Na biyu, yadda aka yi aikin. Layin nan guda ɗaya ne, mai tafiya da mai dawowa duk a kansa suke bi. Ku auna da hankalinku abin da zai faru idan jirage biyu, kowanne da tarago ashirin cike da mai, da wutar kwal tana ci a kansa, suka haɗu a kwana. Abin da ya tsare mu daga wannan sanda ce ta tagulla, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Guda ɗaya ce tak tsakanin tashar nan da mahaɗa. Direban da ba ya riƙe da ita ba ya motsa jirgi, ko da mai kamfanin ne ya ba shi umarni. Mai tasha zai miƙa masa ita hannu da hannu, shi kuma ya miƙa wa mai tashar can hannu da hannu. Ba a ajiye ta a tebur, ba a ba ɗan aike, ba ta tafiya sai a kan jirgi. Muddin ƙusar da ake rataye ta babu komai, to akwai jirgi a kan layi, kuma mai tasha ba ya kulle ofis. Shekara arba'in da ɗaya ana wannan aiki, jirage biyu ba su taɓa karo a layin nan ba. Ina so ku riƙe wannan, domin tarihi ya fi yawan ambaton haɗarin da ya auku, ya manta da mutanen da suka hana shi aukuwa.

Na uku, yadda ya ƙare. Aka binne bututu daga rijiyoyi zuwa matata, tankoki suka cika kwalta, taragu suka yi ta raguwa har aka yanke ranar jirgin ƙarshe. Mai tashar nan a ranar shi ne kawuna, yayan mahaifiyata, wanda kuka sani da Baba Mai Tasha, ga shi can zaune da farar hula. Direban kuwa Agogo ake ce masa, domin mata kan ɗora tukunya da usur ɗinsa. Kawu ya miƙa masa sanda a nan inda nake tsaye, jirgi ya tafi, babu kuma wanda ya dawo.

Bayan mako biyu jami'in kamfani ya zo karɓar kayan aiki. Ya karɓi tutoci, ya karɓi fitilu, ya dubi ƙusa ya ce, "Ina sanda?" Kawu ya ce, "Tana hannun direba, ranka ya daɗe." Jami'in ya ce littafin mahaɗa bai nuna an karɓe ta ba, direbobi kuma an watsa su. Ya ɗauki biro ya rubuta a takardar sallamar mutumin da ya yi shekara talatin da uku bai taɓa makara ba: ya yi sakaci da kayan aiki.

Jama'a, a nan laifinmu ya fara. Magana ta zaga gari cewa ya sayar wa maƙera an yi awarwaro. Yara suka riƙa bin sa suna cewa, "Baba, ina sanda?" Ina faɗa muku da kunya, ni ma na taɓa shiga cikinsu, kuma ya gan ni. Ya daina zama cikin abokansa. Amma kullum da safe sai ya zo ya share ofishin can, ya bar ƙofar a buɗe. Har bayan an kwashe ƙarafunan layin bai fasa ba. Marigayiya matarsa takan ce, "Malam, layin da babu ƙarfe, jirgin naka ta sama zai sauko?" Sai ya ce, "Ni dai ban karɓi sanda ba."

Bara na ba 'yan aji biyar wannan labari a matsayin darasi. Ina gamawa wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to shi direban wa ya tambaye shi?" Jama'a, shekara talatin garin nan, da ni a ciki, bai yi wannan tambaya ba. Ajin ya ɗauki aikin. Suka je mahaɗa, suka samu tsohon da ya riƙa zuba kwal a jirgin Agogo, idonsa ya tafi amma tunaninsa garau. Ya ce da suka isa ran nan sun tarar da ofis a kulle, an sallami mai tashar can tun da hantsi. Ya ce wa Agogo, "Maigida, jefa ta ta taga mu tafi, yunwa nake ji." Agogo ya harare shi ya ce, "Ta taga aka ba ni?" Kashegari aka tura Agogo aiki tashar jiragen ruwa, tafiyar kwana uku daga nan. Bai san an zargi kowa ba. Bai kuma aiko ta a mota ba, domin a saninsa sanda ba ta hawa mota. Ya naɗe ta a ƙyalle yana jiran ranar da za a sake buɗe layi, har Allah ya karɓi ransa.

Ku duba wannan al'amari, 'ya'yana. Mutum biyu, kowanne ya riƙe amanarsa a inda yake, kamfanin da ya kafa dokar ya watse ya bar su da ita, mu kuma da muke tsakani muka zaɓi zargi domin ya fi tambaya sauƙi. Idan kun shiga ɗakin karatun nan, ku shiga da tambaya irin ta 'yar'uwarku.

Ɗaliban nan suka bi sawu har suka gano 'yar Agogo. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma wasiyyar mahaifinta gare ta ita ce kada ta ba kowa sandar sai mai tasha. Ta iso jiya da la'asar. Muka kai ta gidan Kawu, ya yi mata maraba, ya yi mata ta'aziyya, amma da ta fara kwance ƙyallen sai ya mai da hannuwansa baya. Ya ce, "'Yata, a tasha na ba da ita, a tasha zan karɓa."

Saboda haka, da izinin shugaban taro, ina roƙon baƙuwarmu ta taso. Ku ba su hanya. Kawu, ga kafaɗata ka dafa. A madadin garin nan, da yaran da suka bi ka a titi, ina neman gafararka a gaban jama'a.

Ga ta nan, hannu da hannu. Na baya, ba ku ji abin da ya ce ba, bari in maimaita muku. Ya ce, "Na karɓa. Babu jirgi a kan layi." Ya kuma ce a ba shi makulli, yau zai kulle ofishinsa da kansa, sannan ya miƙa wa shugabar makaranta.

Allah ya jiƙan Agogo, ya jiƙan leburorin da suka shimfiɗa layin nan da duk waɗanda suka rigaye mu. Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, ya saka wa baƙuwarmu da alheri, ya mai da ita gida lafiya. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani da riƙon amana, ya tsare harsunanmu daga faɗin abin da ba mu bincika ba. Allah ya sa mu tashi lafiya.

Na gode.