Tokar da Aka Wanke wa Inna

Shugaban taro, dattijo Harrison Etsitty. Iyayenmu masu waƙar magani. Likitoci da ma'aikatan jinya da kuka kammala horon sanin al'adunmu na ƙabilar Dine. 'Yan uwa da kuka baro tumakinku kuka zo, barkanku da zuwa. Ni ce Lorena Bitsilly, 'yar dangin Ruwan Ɗaci, kuma ina godiya da aka ba ni dama, duk da an san bakina ba ya gajiya.

Abu na farko, 'ya'yana, muna ƙaunarku, ko da kun ga ba ma kallon ku cikin ido. Abu na biyu, ku yi tambaya kafin ku yi alheri.

Bara waccan, likita ya ce sai an cire wa innata ƙari a ciki. Kafin mu kawo ta asibiti aka yi mata waƙar magani, aka shafe ta da toka, ba wanka sai kwanakin sun cika. Na fita samo mata romon tunkiya, na dawo na tarar wata sabuwar nas, Meredith, ta wanke ta tas, har da shafa mai. Tana ta murna: "Dubi yadda ta yi fes!"

Inna ta juya wa kowa baya. Ta ce, "An tuɓe ni. Ba mai sa min wuƙa." Ƙari kuwa ba ya jira, hankalina ya tashi ƙwarai.

Yarinyar nan ba ta kare kanta ba. Ta yi kukanta, ta share hawaye, ta ce, "Me zan yi?" Da motarta ta ratsa taɓo ta ɗauko mai waƙa, ya sake shafa tokar, likita ya yarda a goge iyakar inda wuƙa za ta bi.

Da Inna ta farfaɗo bayan tiyata, sai ta ce, "Ina yarinyar nan mai sabulu?" Meredith ta matso. Inna ta riƙe hannunta: "'Yata, hannunki da laushi. In kwanakin sun cika, ke za ki yi min wanka. Wannan 'yar tawa kamar tukunya take dirje ni."

Ga Meredith can, ita ta koyar da ku. Ga Inna kusa da ita.

Mahalicci ya sanya albarka a hannuwanku, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode, 'ya'yana.